Dawaki Biyu a Ƙasar Kano: Kama da Wane Ba Ta Wane

A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu domin samar da likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Ɗaya aka kafa ta a Dawakin Tofa, ɗayar kuma a Dawakin Kudu. Tun daga lokacin, duk tsohon ɗalibin da ya ce a Dawaki ya yi karatu, tambayar da ke biyo baya ita ce, wace daga ciki? Haka nan baƙon da ya sauka a Kwanar Dawaki da ke kan hanyar Zariya alhali Dawakin Tofa ya nufa, to ya yi ɓatan-kai, domin wannan kwana ta Dawakin Kudu ce. Sai ya koma ya ratsa birnin Kano gaba ɗaya, ya kama hanyar Katsina.

Mai suna irin na wani, shi Hausawa ke kira takwara. Kamar yadda mutane ke da takwarori, haka garuruwa da ƙananan hukumomi suke da su. Abin da ake son jawo hankalin ɗalibai da malamansu a kai shi ne, wannan takwarantaka ta wuce abin raha. Tana iya karkatar da iri da taki da magani zuwa inda ba can aka nufa ba, kuma maganin matsalar yana cikin darussan labarin ƙasa da lissafi da ake koyarwa a aji, sai dai ba a cika fitowa da su waje ba.

Abin da ya haɗa su da abin da ya raba su

Idan aka dubi alƙaluman ƙidayar jama'a ta 2006, za a ga kamar Dawaki biyun tagwaye ne. Ƙaramar hukumar Dawakin Tofa tana da mutane kimanin 248,000 a faɗin murabba'in kilomita 479, ita kuwa Dawakin Kudu kimanin 225,000 a murabba'in kilomita 384. Ke nan kowace tana da sama da mutum 500 a kan murabba'in kilomita guda. Da yake murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, abin da ya faɗo wa kowane mutum bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na hekta ba, kuma a cikin wannan ɗan rabo har da gida da hanya da maƙabarta. Yau, bayan shekaru masu yawa da wannan ƙidaya, rabon ya ƙara tsukewa.

Dukansu biyu suna cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano, wanda masana labarin ƙasa suka daɗe suna mamakinsa saboda cunkoson manoma. Michael Mortimore ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960 lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma nuna cewa manoman nan sun daina barin gona ta huta, suna nome ta kowace damina, amma duk da haka ba ta mutu ba. A shekarun 1990 wata masaniya mai suna Frances Harris ta zauna da manoman Tumbau a ƙaramar hukumar Gezawa, ta auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Ta gano cewa sirrin yana cikin wani zagaye: ana shuka gero da dawa a haɗe da wake da gyaɗa, saiwoyin wake da gyaɗa suna ɗauke da ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, ana ɗebe harawa a ciyar da tumaki da awaki a turke, sannan a kwaso takinsu a mayar gona. Har ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana sauke wani abu na gina ƙasa a kan gonakin. Wannan tsari ya haɗa Dawaki biyun.

To amma daga nan hanya ta rabu. Dawakin Kudu tana da babban kogi. A wajen Tamburawa ne kogin Kano da na Calawa suke haɗuwa, su gangara su zama kogin Haɗeja. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa yana gudana a wannan kwari rani da damina. A Tamburawa ake tace wani kaso mai yawa na ruwan da birnin Kano ke sha, daga gaɓar kogin ake ɗibar yashin gini, a fadamunsa kuma ake noman rani. Arewacin Kano kuwa rafukansa, irin su Jakara da Tomas da Gari, ƙanana ne, kafin a datse su ƙafewa suke yi da zarar damina ta ɗauke. Ƙasar can jigawa ce mai yawan rairayi, mai saurin shanye ruwa, kuma ruwan sama yana raguwa ne yayin da ake ƙara yin arewa. Wannan ya sa gero, wanda ke nuna da wuri yake kuma jure ƙishi, ya fi ƙarfi a arewa.

Abin da Dawakin Tofa ta rasa a kogi ta same shi a hanya. A cikinta kasuwar Dawanau take, wadda aka kafa a 1985 a bakin hanyar Katsina, ta kuma bunƙasa har ake lissafa ta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake suna shigowa daga jihohi da dama, manyan motoci suna fita da su zuwa Nijar da Cadi da kudancin Nijeriya. Riɗi da zoɓo kuwa har ƙetaren teku suke kaiwa, zoɓon ma Meziko na cikin manyan masu sayensa. Dubban matasa suna cin abinci a nan ta hanyar dako da awo da ɗinkin buhu da tankaɗe da tsince riɗi. Saboda haka faɗuwar darajar naira ko rufe iyakar Nijar, kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, yakan taɓa aljihun mutumin Dawanau nan take, alhali manomin rani na gaɓar kogi a Dawakin Kudu ya fi damuwa da yawan ruwan da aka sako daga Tiga. Duk wanda ya rubuta rahoto a kan “tattalin arzikin Dawaki” bai faɗi wace ba, bai ce komai ba.

Takwarori na nesa

Dawaki biyu aƙalla kowace tana da kalma ta biyu da ke rarrabe ta, har lambar mota ma ta raba su, DTF da DKD. Akwai inda babu wannan sauƙin. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya, sunaye shida ne suka maimaitu sak: Nasarawa a jihohin Kano da Nasarawa, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Surulere a Legas da Oyo, sai Ifelodun da Irepodun waɗanda kowanne yake a Kwara da Osun.

Misalin Nasarawa ya isa darasi. Ta Kano unguwannin birni ce, tana ɗauke da masana'antun Bompai, kuma a 2006 an ƙidaya mutane kusan 600,000 a cikin murabba'in kilomita 34 kacal, wato sama da 17,000 a kowane murabba'in kilomita. Ta Jihar Nasarawa kuwa ƙasar doya da rogo da ma'adanai ce, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 5,700, mutanenta a wancan lokaci kimanin 190,000, wato wajen 33 a murabba'in kilomita. Cunkoson ɗaya ya ninka na ɗayar fiye da sau 500. A zamanin da ake rubuta alƙaluma da hannu, akawu mai lura zai tsaya ya tambaya. Kwamfuta ba ta tambaya. Idan aka umarce ta da ta haɗa jadawalin yawan jama'a da na yawan asibitoci ta hanyar daidaita suna, za ta manna asibitocin wannan a kan mutanen waccan, ta fitar da amsa tsaf, kuma amsar ƙarya ce.

Haka abin yake a ƙetaren iyaka. Gaya ta ƙasar Kano tsohon gari ne a gabas da birni, wanda tarihin baka ke cewa daga can maƙeran farko suka zo dutsen Dala. Gaya ta Jamhuriyar Nijar kuwa tana jihar Doso, a bakin kogin Kwara, gada ce ta raba ta da Malanbil ta ƙasar Binin, kuma arzikinta ya ginu a kan kayan da suka riƙa fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Tudun Wada fa? Akwai ƙaramar hukuma a can kudancin Kano kusa da dajin Falgore, inda ruwan sama ya wadata ake noman masara, akwai kuma unguwa a cikin birnin Kano, akwai a Zariya da Kaduna da Gusau da Jos. Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da wannan ba. A Amurka gundumomi kimanin 30 ne ke amsa sunan Washinton, kowace a jiharta, shi ya sa ba a ambaton gunduma a can sai an haɗa da sunan jiha.

Duk wannan a matakin ƙananan hukumomi ne, waɗanda sunayensu ke rubuce a tsarin mulki na 1999. Idan aka sauko ƙauye, abin ya fi haka yawa. A karkarar arewacin Kano mutane ba su taru a manyan garuruwa kaɗai ba, gidaje ne warwatse cikin gonaki, kowane rukuni da sunansa. Unguwar Liman, Unguwar Fulani, Sabon Gari, Sabuwar Unguwa, Gidan Sarki, Kwanar Wane: ba wanda zai iya cewa ga adadinsu a ƙasar Bici ko Ɗambatta ba tare da ya taka ya ƙirga ba. Ga kuma kishiyar matsalar, wato wuri ɗaya mai rubutu iri-iri. Wani ya rubuta Dambatta, wani Danbatta, wani Bichi, wani Bici, wani Nassarawa da harafi biyu. Kwamfutar da ta haɗe wurare biyu ta mayar da su ɗaya, ita ce kuma za ta raba wuri ɗaya ta mayar da shi biyu.

An ga tasirin wannan a yaƙi da cutar shan-inna. Shekara da shekaru masu ɗigon rigakafi suna aiki da jerin sunayen unguwanni da taswirar da aka zana da hannu, kuma akwai ƙananan ƙauyuka da rugage da ba su taɓa shiga jerin ba. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a Kano da wasu jihohin Arewa, aka sa wa kowane matsuguni alama a taswira, aka kuma ba ma'aikata wayoyin da ke nuna inda ƙafarsu ta taka. Yaro na ƙarshe da aka samu da ainihin ƙwayar cutar ta daji a Jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila yake, a watan Yuli na 2014, sannan a watan Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Ba taswira kaɗai ta kawo nasarar ba, sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida sun yi aikin da ya fi nata. Amma taswirar ce ta nuna ƙofofin da ba a taɓa ƙwanƙwasawa ba.

A canza sunayen ne?

Wasu na ganin mafita ita ce a sake wa garuruwan suna, kowanne ya samu nasa shi kaɗai. A ilmin halittu ma haka doka take. Tun da Linnaeus ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu a littafinsa na 1753, idan aka tarar tsirrai biyu suna ɗauke da suna ɗaya, wanda ya riga samu shi ke riƙewa, na baya a nema masa wani. Sai dai itace ba ya fushi idan an canza masa suna. Gawo ya daɗe ana kiransa Acacia albida kafin a mayar da shi Faidherbia albida, bai kuma fasa zubar da ganye da damina ba. Mutane ba haka suke ba. Suna linzami ne, kuma babu garin da zai yarda a ce shi ne na baya.

Akwai ma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Sunayen garuruwan Hausa rumbu ne na bayanin ƙasa da tsirrai, wanda ya share su ya ƙona littafi. A duba mazaɓun Dawakin Tofa kawai. Akwai Marke, sunan itacen nan mai ƙarfi da ake so domin itacen girki da gawayi, wanda saboda haka ya yi ƙaranci a kewayen birni. Akwai Tumfafi, daga tumfafiya, tsiron da ya fi yaɗuwa a ƙasar da ta gaji ko dabbobi suka tattake. Ita kanta kalmar tofa sunan ciyawa ce mai kaifin baki, Imperata cylindrica, mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ta fi son wuri mai damshi. A Dawakin Kudu kuma akwai Tsakuwa, sunan da ke faɗar irin ƙasar da ƙafa za ta taka. Rimin Gado da Ɗorayi da sauransu duk a wannan layi suke. Sunaye suna maimaituwa ne domin abin da suke siffantawa yana maimaituwa: duk inda Bahaushe ya tarar da tudu mai albarka ko kuka mai inuwa, kalma ɗaya zai ɗauko. Lokacin da J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin manoma da masu magani ya tattaro su. Sunayen ƙauyuka suna jiran irin wannan aiki, kuma tsofaffin da suka san inda kukar take kafin ta faɗi suna ƙarewa.

Darasin da ya kamata a ɗauko daga ilmin halittu wani ne daban. Masanin tsirrai ba ya dogara da suna shi kaɗai. Kowane suna an ɗaure shi da wani busasshen samfur guda da ke ajiye a ma'ajiyar tsirrai, a jikinsa an rubuta wanda ya tsinko shi da ranar da wurin. Idan gardama ta tashi, samfurin ake komawa. Samfurin da aka rubuta wa “Sabon Gari” kawai a matsayin wuri, darajarsa ta ragu ƙwarai, domin mai bincike na gaba ba zai san inda zai koma ya duba ko tsiron yana nan ba. Abin da samfur yake ga sunan tsiro, shi ne lambobin latitud da longitud suke ga sunan gari.

Aikin da aji zai iya yi

Latitud yana faɗar nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu, longitud kuma nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne, kuma da yake minti 60 ke cikin digiri, minti ɗaya ya kama kilomita 1.85. Garin Dawakin Tofa yana wajen digiri 12 da minti 6 arewa, digiri 8 da minti 20 gabas. Dawakin Kudu tana wajen digiri 11 da minti 50 arewa, digiri 8 da minti 36 gabas. Bambancin latitud minti 16 ne, wato kusan kilomita 30. Na longitud shi ma minti 16 ne, amma ya ɗan gaza, kusan kilomita 29, domin layukan longitud suna matsowa kusa da juna yayin da ake nisa da tsakiyar duniya. Ɗalibin aji huɗu da ya san ƙa'idar Faisagoras zai fitar da tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu a miƙe, kimanin kilomita 41. Babu wasu wurare biyu a doron ƙasa da suke da lambobi iri ɗaya, kuma a yau ƙaramar wayar hannu tana bayar da su ko da babu intanet.

Abin takaici ne a ce ɗalibi a Bagwai ko Makoɗa ya haddace tsawon kogin Nilu da sunayen tafkunan Amurka, amma bai san ko ruwan da ya sauka a gonar mahaifinsa ina yake zuwa ba. (Amsar ita ce, idan bai ƙafe a hanya ba, ya nufi kwarin Haɗeja, daga nan Yobe, daga nan tafkin Cadi.) Laifin ba na ɗalibin ba ne, kuma ba duka na malami ba ne, tunda jarrabawa ba ta cika tambayar abin da ke bayan katangar makaranta ba. Amma babu abin da ya hana malamin labarin ƙasa da na ilmin halittu da na Hausa su haɗa kai a zango ɗaya, su raba wa ɗalibai ƙauyukan mazaɓarsu.

Kowane ɗalibi sai ya je da littafi. Ya rubuta sunan wurin yadda mutanen wurin ke furta shi, da ƙa'idar rubutun Hausa, da lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ inda suke, sannan ya rubuta yadda hukuma ke rubuta shi idan sun saɓa. Ya tsaya a ƙofar masallacin Juma'a ko ƙofar gidan mai unguwa, bayan ya nemi izini, ya ɗauki lambobin wurin. Ya tambayi dattawa dalilin sunan, ya duba ko itacen da aka ambata yana nan. Ya damƙi ƙasar gona da ɗan ruwa a tafin hannu ya ga ko tana dunƙulewa ko tana wargajewa, domin ya san jigawa ce ko jangargari ko dabaro. Ya auna zurfin rijiya da igiyar guga, sau ɗaya a ƙarshen damina, sau ɗaya a tsakiyar bazara. Wannan awo na rijiya yana da muhimmanci a arewacin Kano, domin a ƙarƙashin rairayin akwai tsohon dutse, ruwa kuma yana taruwa ne inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, shi ya sa rijiyar burtsatse kan yi ruwa a wannan unguwa ta ƙi yi a maƙwabciyarta mai suna iri ɗaya. Daga ƙarshe ya rubuta kasuwar da mutanen wurin ke ci, da ranarta, da abin da suke kaiwa.

Idan makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa da ta Dawakin Kudu suka yi wannan a shekara guda suka yi musayar littattafansu, ɗaliban za su ga da idonsu bambancin ƙasar hanya da ƙasar kogi. Kofi ɗaya ya zauna a laburaren makaranta, ɗaya a kai sashen gona na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a ba dagaci. Aji na gaba ya koma rijiyoyin nan da igiya iri ɗaya, a watanni iri ɗaya, ya rubuta sabon awo a ƙarƙashin tsohon.